Kwalabe Bakwai a Kwalin Mai Sito

Daga:
Matar Mai Jita,
Gida mai shuɗin ƙyaure, bayan makarantar firamare.

Zuwa ga:
Mai Girma Babban Manaja,
Gidan Rediyo.

Talata, 21 ga watan Mayu.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: FARKE CIKIN AMFILIFAYAR MAIGIDANA BA DA SANINSA BA, DA TSARE KWALABENTA BAKWAI A KWALIN MATATTUN ƘWAYAYEN LANTARKI, INDA ZA A FASA SU JIBI ALHAMIS

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikata baki ɗaya, cikin girmamawar da ta dace da kujerarka nake rubuto wannan takarda a kan lamarin maigidana, wanda kowa a gidan rediyonku ya sani da Mai Jita, kuma wanda ya shekara talatin da ɗaya yana kiɗa a ƙungiyar makaɗanku ba a taɓa kawo maka ƙararsa ba. Shi ba zai yi ƙorafi ba. Mutum ne wanda in ka taka masa ƙafa sai ya ba ka haƙuri, ya kuma tambaye ka ko takalminka bai lalace ba. Ni kuwa ba haka Allah ya yi ni ba, shi ya sa maganar ta faɗo hannuna.

Zan fara da abin gaggawa, domin na san takarda in ta yi tsawo shafinta na farko kaɗai ake karantawa. A sitonku na ƙasa, cikin kwalin da Mai Sito yake tara ƙwayayen lantarkin da suka mutu, akwai ƙananan kwalabe bakwai na gilashi, mallakar maigidana. Jibi Alhamis, 23 ga wata, da ƙarfe tara na safe motar shara za ta zo, kuma bisa dokar gidanku sai an daddake abin da ke cikin kwalin nan da guduma kafin a loda. Masana'antar da ta ƙera waɗannan kwalabe ta rufe tun ina budurwa. In aka fasa su, an fasa ke nan, kuma sa hannunka kaɗai ne zai fito da su.

Domin kada a ce ina magana a kan abin da ban sani ba, ga ɗan bayani. Jitar lantarki ita kaɗai ba ta da murya, in aka kaɗa ta ba a jona ta ba sauro ma ya fi ta amo. Sai an jona ta da amfilifaya, wato akwatin da ke ɗaga muryarta ya fitar ta lasifika. Ta maigidana irin ta da ce: akwatin katako mai baƙar fata, nauyinsa ya kai na buhun siminti, a bayansa kuma kwalaben nan bakwai suke tsaye a raminsu, in an kunna sai cikinsu ya yi ja kamar garwashi. Su ne suke yin muryar. 'Yan ƙungiya suna kiran akwatin Dattijo, ni ma haka zan kira shi daga nan.

Ina so kuma ya shiga takarda cewa ni ba masoyiyar Dattijo ba ce. Na tarar da shi a ɗakin maigidana ranar da na tare, a wurin da ya kamata a ce kujera ce. Daminarmu ta farko rufin ɗaki ya yi yoyo, na farka na tarar an ɗora Dattijo a tsakiyar gado an lulluɓe shi da bargona, ni kuma aka ce in ɗan matsa. Warin ƙurarsa in ya ɗau zafi har yau yana hancina. Ranar da maigidana ya ɗauke shi a ka ya kai shi ɗakin ɗaukar sauti na biyu, saboda a lokacin gidan rediyo ba shi da amfilifayar jita ko ɗaya, sai da na share wurin sau biyu don murna. Na faɗi wannan ne domin ka san shaidar da zan bayar ba ta son zuciya ba ce. Ga ƙorafe-ƙorafena.

1. Ranar Litinin, 6 ga Mayu, ranar farko ta hutun kwana biyu da maigidana yake yi duk mako, sabon shugaban sashen gyara, wanda kuke kira Injiniya, kuma wanda makonsa biyar ke nan da kama aiki, ya shiga ɗakin ɗaukar sauti na biyu ya sa aka kinkimi Dattijo zuwa ɗakin gyara. Bai tambayi mai shi ba, bai kira shi a waya ba, bai bar ko guntuwar takarda ba. Mai Ganga, abokin aikin maigidana tun suna samari, yana wurin, kuma ya gaya masa akwatin nan ba na gidan rediyo ba ne. Amsar da Injiniya ya ba shi, kamar yadda Mai Ganga ya maimaita mini kuma ya ce in rubuta shi a cikin shaidu, ita ce: "Baba, duk abin da ya shekara talatin a gini, ai ya zama na ginin." Ranka ya daɗe, in wannan ita ce dokar, to maigidana ma ya zama kayan gidan rediyo, haka Mai Ganga, haka tsohon da ke gadin ƙofa. Ina roƙon a sanar da mu da wuri in su ma za a buɗe cikinsu.

2. Washegari Talata, 7 ga wata, Injiniya ya manna rahotonsa a allon sanarwa, inda kowa zai gani. Na je na karanta da idona. Ya ce ya gano cututtuka uku a jikin akwatin: yana ɗaukar zafi, yana daɗewa bai tashi ba, kuma in an ƙara masa ƙarfi muryarsa tana tsagewa. Ya ce ya tabbatar da haka da wata na'ura mai ɗan gilashi kamar talabijin, inda wani koren layi yake rawa, wai layin Dattijo ya karkace.

Duk ukun gaskiya ne, kuma babu ciwo ko ɗaya a cikinsu. Haka aka ƙera shi. Kwalaben nan ba sa magana sai sun yi zafi. Shi ya sa shekara talatin da ɗaya maigidana yake riga kowa zuwa. Yakan shiga ɗakin, ya danna makunni na farko, ya ja kujera ya zauna a gefen akwatin hannunsa a kan gwiwa, bai taɓa jitar ba. Masana sun ce minti biyu ya isa, shi sai ya ba shi goma sha biyar, kuma a kan wannan mun yi musu har mun gaji. Sai ya ɗora bayan hannunsa a saman akwatin ya ji ɗumin ya kai yadda yake so, sannan ya danna makunni na biyu. Wani ɗan gurnani zai taso can ƙasa-ƙasa, shi ne alamar Dattijo ya farka. Daga nan ya murɗa ƙarfin zuwa shida, daidai inda muryar take fara ɗan dishewa, in ya taɓa tsirkiya a hankali ta fito sumul, in ya ja ta da ƙarfi ta tsage tana kuka. Da yatsa yake zaɓar wadda yake so, ba da maɓalli ba. Wannan tsagewar da Injiniya ya rubuta a matsayin cuta ta uku, ita ce mutane suke rage surutu su saurara. Taken da kuke buɗe tasha da shi kowace safiya, Dattijo ne ya yi shi, yana kan shida, muryarsa a tsage. In ciwo ne, to kun daɗe kuna tashin mutanen gari da kukan mara lafiya, kuma ban ji wanda ya kawo ƙara ba.

3. A wannan Talatar dai Injiniya ya kwance bayan akwatin, ya zare kwalaben, ya ciro ƙarfen da suke zaune a kai da duk wayoyinsa, ya maye gurbinsu da wani ɗan koren allo da bai fi tafin hannuna ba. Shi ƙarfen yanzu haka yana nan a ƙasa ana tokare ƙofar ɗakin gyara da shi, saboda iska tana bugo ta. Na gan shi, har wani ya ɗora kofin shayi a kansa.

Ranar Laraba, 8 ga wata, maigidana ya zo aiki ya tarar da akwatin a wurinsa an goge shi yana ƙyalli. Ya sunkuya zai gyara masa zama, ya tattara ƙarfin da ya saba tattarawa ya ɗaga, saura kaɗan ya faɗi da baya, domin abin da ya ɗauka fanko ne. Ya leƙa baya bai ga kwalabe ba. Yana durƙushe a wurin sai ga Injiniya ya shigo bakinsa har kunne, ya ce: "Baba, na hutar da kai! Yanzu kana dannawa zai tashi. Ba jira, ba zafi, ba gurnani, muryarsa tas kamar ruwan famfo. Ko jikanka zai iya ɗaukarsa da hannu ɗaya."

Mai Ganga ya ce maigidana ya ɗago daga bayan akwatin, ya dubi yaron, ya ga irin murnar da yake yi, ya ga ya ƙona yatsa da dalma wajen aikin, ya kasa faɗa masa ɓarnar da ya yi. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne: "Sannu da ƙoƙari. Allah ya yi albarka." Ranka ya daɗe, a duk abin da ya faru babu wanda ya ƙona mini rai kamar wannan albarkar. Da ni ce a wurin, da har a benenka za ka ji, da kuma ba sai an kai ga rubuta takarda ba.

4. Injiniya ya zuba kwalaben a baƙar leda ya kai wa Mai Sito. Ba na zargin Mai Sito da mugunta, mutum ne mai bin doka har ya wuce inda dokar ta tsaya. Ya ga abu na gilashi mai waya a ciki, ya ce ƙwan lantarki ne. Ya gwada ɗaura ɗaya a fitilar teburinsa, ya ƙi shiga. Ya aika a tambayi Injiniya ko abin yana haske, aka dawo aka ce masa yana yin ɗan ja-ja amma ko allura ba za ka gani da shi ba. Shi ke nan Mai Sito ya yanke hukunci: ƙwan da ba ya haske matacce ne, matacce kuma wurinsa kwali.

Ranar Alhamis, 9 ga wata, maigidana ya sauka sito ya roƙi a ba shi kayansa. Mutanen nan biyu sun fi shekara ashirin suna shan shayi a benci ɗaya. Mai Sito ya ce masa: "Mai Jita, ka san ba ni da abin da zan hana ka. Amma abin da ya shiga kwalin matattu ba ya fitowa sai da sa hannun Manaja. Wallahi ko ubana ne ya faɗa ciki sai an cike masa fom." Ya miƙa masa fom ɗin, har da aron biro.

5. A fom ɗin akwai wani gurbi da aka rubuta: "Ɗakin da ƙwan yake haskawa." Maigidana ya zauna da wannan tambaya kwana guda. Kwalabensa ba su taɓa haska ɗaki ba, shi kuma bai iya ƙarya ba ko a takarda. Na ce masa ya rubuta ɗakin ɗaukar sauti na biyu kowa ya huta, ya ce ai ba su haska shi ba. Na ce ya rubuta banɗaki, wa zai je ya duba? Ya kalle ni kamar na ce ya yi fashi. Ya bar gurbin babu komai ya kai ofishinka ranar Juma'a, 10 ga wata. Sakatarenka ya dawo masa da shi, wai fom bai cika ba. Ya rubuta "babu" ya mayar ranar 14, aka ce babu ɗaki mai wannan suna a ginin. Ya rubuta "ba ƙwai ba ne" ya mayar ranar 17, aka ce in ba ƙwai ba ne to ba wannan ne fom ɗinsa ba, kuma ba a riga an buga fom ɗin abin da ba ƙwai ba. Sau uku yana hawa benenka da gwiwar da ke damunsa, kuma na tabbata ko sau ɗaya takardar ba ta iso teburinka ba. Ina so in yi maka wannan kyakkyawan zato.

6. Wannan shi ne wanda ya fi mini wuyar rubutawa. Ranar Laraba, 15 ga wata, da ƙarfe huɗu na yamma, aka sa shirin ƙungiyar kai tsaye kamar kowane mako. Na makon da ya gabata ban ji shi ba, na je dubiya. Wannan karon ina kicin ina wanke-wanke, rediyo tana kan taga. Ni ban san kiɗa ba, ban san sunan tsirkiya ko ɗaya ba, amma tun da nake, da an taɓa jitar nan sau ɗaya nake sanin maigidana ne, ko ina tsakar kasuwa ne daga rediyon wani shago. Ranar na ji ganga, na ji sarewa, na ji wata jita siririya mai tsabta tana bin waƙar daidai ba kuskure. Sai na ce a raina an sa wani a wurinsa, wani abu ya same shi a hanya ana ɓoye mini. Na ja mayafi hannuna duk kumfa, na tari mota, ban ma rufe famfo ba.

Na iso na leƙa ta gilashin ɗakin, sai ga shi zaune a kujerarsa lafiya lau, jita a cinya. Yatsun nasa ne, muryar ba tasa ba ce. A da in ya ja tsirkiya ya riƙe, sautin yakan tsaya yana rawa har sai ya ga dama ya sake shi. Ranar na ga yana ja, sautin yana mutuwa a hannunsa tun bai gama ba, sai ya ƙara danna tsirkiyar da ƙarfi har jijiyar wuyansa ta fito, kamar laifin yatsansa ne. Mai Ganga ya sunkuyar da kai yana kiɗa bai dubi kowa ba. Na tsaya a bayan gilashin nan na yi kuka, ba na jin kunyar rubutawa.

Bayan shirin wani mai saurare ya bugo waya ya ce yana taya gidan rediyo murnar samun sabon yaro mai jita, hannunsa da tsabta, in ya dage zai kamo tsohon. Injiniya ya rubuta wannan saƙo da manyan baƙaƙe ya manna a ƙasan rahotonsa a matsayin yabo. Yana nan a allon har jiya, maigidana yana wucewa ta gabansa safe da yamma.

7. Ɓarnar ta biyo shi gida. Tun da babu abin da zai jira ya yi zafi, mutumin da ya saba fita da wuri yanzu yana nan yana bina ɗaki-ɗaki. Ya jera mini tukwane daga babba zuwa ƙarama, tukunyar da nake amfani da ita kullum ta koma can ƙurya sai na hau kujera. Ya kwance fankar falo wadda lafiyarta ƙalau, ya ɗaura, sukurori biyu suka yi saura. Ya fara tambayata dalilin da ya sa nake zuba gishiri kafin ruwa ya tafasa. Ranka ya daɗe, shekarun aurenmu ban taɓa ce masa ga yadda ake kaɗa jita ba. Jitar kuma tana jingine a bayan ƙyaure, ya daina taɓa ta a gida.

Wannan duk zan iya ɗauka. Abin da ba zan ɗauka ba shi ne na ranar Asabar, 18 ga wata. Ya ce mini zai je aski, ashe asibiti ya tafi a gwada masa kunne. Ya fara yarda cewa yaron ne mai gaskiya, tunda yana da na'ura da takardar makaranta, wataƙila muryar ta fi kyau yanzu, shi ne tsufa ya toshe masa ji. Likita ya gwada shi ya ce kunnuwansa sun fi na wasu samari. Ya dawo gida da takardar lafiya a hannu, jiki a sanyaye kamar an ce masa saura kwana uku. Ya zauna a bakin gado ya ce mini: "Da ma kunnen ne. Da na san laifina ne, sai in haƙura." Mutumin da ya koya wa rabin masu jitar garin nan riƙon tsirkiya, shi ne aka mayar yana addu'ar ya kurmance domin kada ya ɓata wa yaro rai.

8. Jiya Litinin, 20 ga wata, na je sito da kaina. Mai Sito ya karɓe ni da mutunci, ya ba ni kujera, ya ce gani ya halatta, taɓawa ce ba ta halatta ba. Ya buɗe kwalin. Ledar ta yage, kwalaben suna kwance a tsakanin matattun ƙwayaye, dogaye biyu irin na silin sun gicciye a kansu. Duk bakwai suna nan, babu wadda ta fashe tukuna, amma ina zaune wani ma'aikaci ya leƙo daga bakin ƙofa zai wurgo wani ƙwan, sai da na daka masa tsawa. Na tambayi Mai Sito ko doka ta hana a saka abu a kwalin. Ya buɗe littafinsa ya duba, ya ce fitarwa kawai ta hana. Na ciro tawul ɗin da na zo da shi na shimfiɗa a kansu, shi kuma ya juya baya yana gyara wasu kwalaye har na gama tura gefensa ƙarƙashinsu. Ya gargaɗe ni cewa yanzu tawul ɗin ma sai da sa hannunka zai fito. Na yafe tawul ɗin.

Bisa abin da ya gabata, ina roƙon Mai Girma Babban Manaja, cikin ladabi, da ya yi waɗannan:

Na farko, ya sa hannu a fito da kwalaben nan bakwai kafin ƙarfe tara na safiyar Alhamis. A gurbin ɗakin da suke haskawa a rubuta duk ɗakin da aka ga dama, ni na ɗauki alhakin.

Na biyu, a ɗauke ƙarfen Dattijo daga bakin ƙofar ɗakin gyara. In dutsen tokare ƙofa ne babu, akwai guda a tsakar gidanmu, zan aiko da shi.

Na uku, a bar maigidana ya kawo tsohon mai gyaran rediyon da ya saba duba masa akwatin, ya mayar da komai inda yake. Injiniya yana iya tsayawa ya kalla, hannuwansa a aljihu.

Na huɗu, ba na neman a kori Injiniya ko a rage masa matsayi. Ɗan wasu ne, kuma alheri ya yi niyya, sai dai alherin da ba a tambayi mai shi ba. A mayar masa da koren allonsa, ba mu ce ba shi da amfani ba, ya sa a wani abin. A dai cire takardun nan biyu daga allon sanarwa, kuma a ce masa daga yau in ya ga tsohon abu yana aiki, ya fara tambayar wanda yake zaune kusa da shi.

Sauran magana ɗaya, Ranka ya daɗe, kuma ina roƙon ka karanta ta ba tare da fuskarka ta nuna ba.

Yau da hantsi maigidana ya ce in ɗauko takarda da biro. Ni nake rubuta masa duk wasiƙunsa, domin rubutun hannunsa shi kansa ba ya iya karantawa. Ya tsaya a bakin taga ya juya mini baya, ya faɗi abin da zan rubuta: cewa yana godiya ga gidan rediyo, cewa shekaru sun ja, cewa ya ajiye aiki daga ƙarshen wannan wata domin ya ba yara wuri. Layi huɗu ne, bai ambaci Dattijo ba, bai ambaci kowa ba. Ya ce ba zai iya zama a ginin ranar Alhamis yana jin ƙarar guduma daga ƙasa ba, kuma ba zai ci gaba da kiɗa da muryar wani ba. Na ce masa to, ya je ya huta, zan gyara kalmomin in sa a ambulan. Ya fita, ni kuma na rubuta wannan.

Zai yi mamakin kaurin ambulan ɗin, na riga na shirya amsa: aikin shekara talatin da ɗaya ba a ajiye shi a shafi guda. Ya ce shi zai kawo da kansa gobe Laraba da safe, kuma wannan karon ba zai bar wa sakatare ba, hannu da hannu zai ba ka, domin haka mutunci ya ce. Saboda haka mutumin da yake tsaye a gaban teburinka yanzu, sanye da rigarsa mai kyau, yana kallon ƙasa, bai san abin da kake karantawa ba. Yana jira ne ka ce masa ka karɓa, Allah ya ba da hutu lafiya.

Kada ka ce masa haka. Ka ce ya zauna, gwiwarsa tana ciwo. Sannan ka ɗauki bironka ku sauka sito tare. Faɗan da zai yi mini in ya dawo gida, wannan tsakanina da shi ne, kuma na fi son in ji shi yana faɗa.

Ina neman afuwa in harshena ya yi kaifi a wani wuri. Allah ya ƙara girma, ya sa ka gama da kujerarka lafiya.

Taka cikin ladabi da jiran amsa,

Matar Mai Jita
(sa hannu)

Shaida: Mai Ganga, ɗakin ɗaukar sauti na biyu.